Neman shawara kan sayen jam na gida da kayan gona a kasuwannin ƙananan garuruwa

Maman Hanifa, Tumfure, Gombe:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sarrafa 'ya'yan itatuwa, da kuma waɗanda suka saba cin kasuwannin ƙauye a jihohin Gombe da Bauchi.

A 'yan shekarun nan na lura cewa wasu ƙananan shaguna a garuruwan da nake bi idan zan je ganin dangi, musamman wajajen Kumo da Dadin Kowa, sun fara ajiye jam ɗin da mata ke dafawa a gida, akwai na mangwaro, akwai na gwaiba, har da na zoɓo. Galibi a tsohuwar kwalbar Bama ake zuba shi, wani an manna masa takarda da sunan mai shi, wani kuwa babu ko ɗigon rubutu a jikinsa. Kuɗinsa bai kai na wanda ake shigowa da shi daga waje ba, wanda na ɗanɗana kuma ya yi mini daɗi ƙwarai, domin ƙamshin mangwaron yana nan kamar yanzu aka tsinko shi. Ni kuma ina da sha'awar kuɗina ya riƙa shiga hannun matanmu na karkara da manomanmu, maimakon ya tafi wata ƙasa.

Abin da ya sa nake tambaya shi ne ina da yara biyu a makarantar kwana, kuma ina so in riƙa haɗa musu da irin wannan jam a cikin kayan komawa makaranta don su shafa wa burodi, alhali babu firji a ɗakin kwanansu, zangon karatu kuma yakan kai wata uku. Ta yaya zan gane wanda aka dafa yadda ya kamata? Shin rashin lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwalba ya isa ya sa in haƙura da shi? Bayan an buɗe kwalbar, kwana nawa za ta yi a irin zafin garinmu kafin ta lalace?

Sannan tunda dai zan riƙa shiga waɗannan kasuwanni, ina so a ƙara mini haske a kan sauran kayan da nake son saye a can, wato zuma da man gyaɗa da wake da busasshen tumatir. Na sha jin ana cewa kayan ƙauye sun fi tsabta daga algus, wasu kuma suna cewa yanzu algus ya shiga ko'ina. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamin Gona mai ritaya, Dadin Kowa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayarki ta zo inda ya dace, domin wannan yanki namu ya daɗe da sanin harkar kayan lambu. Madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola ita ce ta raya noman rani a nan, akwai kuma Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da aka kafa a 2002, wadda ɗalibanta da dama suka koyi sarrafa 'ya'yan itatuwa suka koma garuruwansu da sana'ar. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ki sami jam mai kyau a ƙaramin shago. Sai dai ba duk mai dafawa ce ta koya a wurin masana ba, wata gani kawai ta yi a waya ta kwaikwaya, shi ya sa sai mai saye ya san abin da zai duba.

Abu uku ne ke hana jam lalacewa: yawan sukari, da tsami, da zafin da aka zuba shi da shi a cikin kwalba mai tsabta. Sukarin ba don zaƙi kaɗai ake sa shi ba. Shi ne ke janye ruwan da ƙwayoyin cuta da funfuna ke bukata don su rayu, kuma sai ya kai kimanin kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin jam ɗin bayan an gama dahuwa kafin ya yi wannan aiki. A aikace, wannan na nufin kusan kilo ɗaya na sukari ga kowane kilo ɗaya na naman 'ya'yan itace, a yi ta dafawa har ya kai zafin digiri 104 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyos. To a nan ne matsalar take, domin sukari ya yi tsada, kuma mai son ta rage kuɗin da ta kashe, sukarin take fara ragewa, sai ta ɗaure jam ɗin da sitaci ko garin masara don ya yi kauri. Irin wannan ranar farko ba za ki bambanta shi da na ƙwarai ba sai kin lura sosai, amma ba ya daɗewa yake tsami ya fara kumfa. Alamarsa ita ce launinsa a dushe yake kamar kamu, ba ya sheƙi, alhali jam na gaskiya idan kika ɗaga kwalbar kika sa ta a hasken rana za ki ga yana ƙyalli, haske kuma yana ɗan ratsa gefensa.

Maganar tsami kuwa ta fi muhimmanci fiye da yadda mutane suka ɗauka. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a inda babu iska, kamar cikin rufaffiyar kwalba, tana fitar da guba mai shanye jiki, kuma sau da yawa ba ta canza wari ko ɗanɗanon abinci. Ba ta iya yaɗuwa a abincin da tsaminsa ya yi ƙarfi, wato wanda ya gaza 4.6 a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi. Zoɓo da tsamiya da kuka suna da tsaminsu na halitta, ba su da wannan damuwa. Nunannen mangwaro da gwanda da kankana kuwa tsaminsu kaɗan ne, dole sai an matsa musu ruwan lemun tsami. Don haka idan kika sami dama ki tambayi mai dafawar kai tsaye: me kika zuba a ciki? Idan mangwaro ne ta ce miki mangwaro da sukari kawai, ba ta ambaci lemun tsami ba, to ki saya don ci a gida cikin 'yan kwanaki idan kina so, amma kada ki ajiye shi, kada kuma ki ba yara su tafi da shi.

Akwai wani sinadari a jikin 'ya'yan itatuwa da ake kira fektin, shi ne ke sa jam ya kama jikinsa. Gwaiba da zoɓo da garin kuka suna da shi da yawa, shi ya sa jam ɗinsu ke kamawa ba tare da wahala ba. Mangwaron da ya nuna luguf ba shi da shi sosai, mai gwaninta takan haɗa da wanda bai gama nuna ba. A ganina, cikin duk abin da ake dafawa a yankinmu, jam ɗin zoɓo da na gwaiba su ne suka fi dacewa da wanda ba shi da firji, na mangwaro kuma ya biyo baya idan an san hannun da ya dafa shi.

Sai kwalba. Sake amfani da tsohuwar kwalbar gilashi ba laifi ba ne, muddin an wanke ta an tafasa ta kamar minti 10, aka kuma zuba jam ɗin da zafinsa aka rufe nan take. Murfin ne abin dubawa. Idan an rufe da zafi, yayin da jam ɗin ke hucewa murfin ƙarfe yakan lotsa ciki kaɗan, idan kika danna tsakiyarsa da yatsa ba zai motsa ba. Wanda ya kumbura, ko yake ƙara idan an danna, ko ya yi tsatsa, ko kika ga danƙo ya tsiyayo ta gefensa, ki bar shi a wurin ko da kyauta aka ba ki. Murfin roba ba ya nuna wannan alama, saboda haka da shi ba ki da hanyar tabbatarwa. Ki kuma dubi inda mai shagon ya ajiye kayan, domin kwalbar da ta yi wata tana shan rana a bakin shago ba ɗaya take da wadda ke cikin inuwa ba.

Game da kwanakin da zai yi, jam ɗin da ya cika waɗannan sharuɗɗa yakan yi watanni da yawa matuƙar ba a buɗe shi ba. Da zarar an buɗe, lissafi ya canza. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, ban yarda buɗaɗɗiyar kwalba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu ba tare da firji ba, musamman a hannun yara da za su tsoma cokalin da suka lasa, ko ma yatsa. Idan funfuna ta fito a sama, kada a kwashe ta a ci na ƙasa kamar yadda wasu ke yi, domin saiwoyinta na shiga ciki inda ido ba ya gani. A zubar da shi duka. Shawarata ita ce ki nemi a zuba miki a ƙananan kwalabe, kowace ta isa cin mako guda, maimakon babba ɗaya da za a yi ta buɗewa har ƙarshen zango.

Uwargida mai dafa jam, Bauchi:

Sallama gare ku duka. Baba Malamin Gona, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, ni da nake wannan sana'a shaida ce. Ina so ne in ƙara wa Hajiya bayani daga ɓangarenmu na masu dafawa, musamman a kan lambar NAFDAC, domin Baba bai taɓa wannan ba.

Gaskiyar magana, doka ta ce duk abincin da aka sarrafa aka rufe a mazubi don sayarwa sai an yi masa rajista da hukumar, wadda aka kafa tun 1993, kuma ni ba zan ce wa kowa ya raina wannan doka ba. Amma ki sani, 'yar'uwa, kafin a ba mutum lamba sai ya yi rajistar sunan kasuwancinsa, ya ware wurin aiki dabam da inda ake girkin gida, a zo a duba, a kuma gwada kayan. Matar da ke dafa kwalba talatin ko arba'in a kakar mangwaro a wani ƙauye na Dass ko Toro, yawanci ba ta da ƙarfin wannan, kuma rashin lambar ba ya nufin ƙazama ce. Haka kuma akwai marasa tsoron Allah da ke buga lambar ƙarya a takarda. Abin da nake gaya wa masu saye a wurina shi ne, inda babu lamba, to sanin mai kaya ne ke tsayawa a madadinta. Ki tambayi mai shagon wace ce ta kawo masa, a wace unguwa take, yaushe ta kawo. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, idan ya kasa faɗa miki, to shi ma bai san abin da yake sayarwa ba. Wadda ta yarda da aikinta ba ta ƙin rubuta sunanta da ranar da ta dafa da abin da ta zuba a ciki, kuma ba za ta ji haushi ba idan kika ce kina so ki ga inda take aiki. Ni kaina na fi son mai saye ta shigo ta gani da idonta.

Idan kin shiga, ki dubi tukunyar. Zoɓo da tsamiya suna cin tukunyar dalma saboda tsaminsu, har jam ɗin ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe ya yi duhu, don haka tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi. Ki dubi ruwan da take wanke kaya da shi, ki kuma dubi 'ya'yan itacen. Akwai masu sayen mangwaron da ya faɗo ƙasa ya fara ruɓewa saboda araha, suna ganin ai wuta za ta kashe komai. Wuta ba ta mayar da ruɓaɓɓe lafiyayye. Ni a kasuwar Muda Lawal nake sayen nawa da sassafe, lokacin da ake sauke kaya, in zaɓa da hannuna, kuma ba na ɗaukar mai zare don jam sai dole, domin tace shi aiki ne babba.

Ki riƙa lura da lokacin kowane abu, zai taimake ki ki gane tsohon kaya. Mangwaro daga wajen Maris ne zuwa farkon damina, gwaiba ta fi yawa daga ƙarshen damina zuwa kaka, zoɓo kuma ana cire shi bayan ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba da Disamba, sai dai shi da yake busasshe ake ajiyewa ana iya dafa shi kowane lokaci, haka tsamiya da kuka. Idan aka nuna miki jam ɗin mangwaro a watan Janairu aka ce satin nan aka dafa, to ki tambaya daga ina aka samo mangwaron.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon a yi mini uzuri idan na yi magana a kan abin da ya shafe ni: don Allah a rage matsa wa masu dafawa wajen ciniki. Mai saye takan zo ta taya rabin kuɗi, tana cewa ai mangwaro banza ne a ƙauye. Mangwaron ne mai araha, amma sukari da gawayi ko gas da kwalba da sabon murfi duk da kuɗi ake sayensu, ga tsayuwar awanni a gaban wuta ana juyawa don kada ya kama. Idan aka matsa mata ta sallama a ƙasa da abin da ta kashe, gobe sukarin za ta rage, sai a koma ga irin jam ɗin da Baba ya yi gargaɗi a kansa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan sana'a kuwa har lafiya takan taɓa.

Alhaji mai fataucin hatsi, Kumo:

Salamu alaikum. Ni ban san harkar jam ba, amma na daɗe ina yawon kasuwanni tsakanin Kumo da Tudun Hatsi a Gombe har zuwa Alkaleri da Soro a jihar Bauchi, don haka zan amsa wa Hajiya ɗaya ɓangaren tambayarta.

Maganar cewa kayan ƙauye ba su da algus, rabinta gaskiya ce. A kasuwar ƙauye mutum biyu ne ke sayar miki da kaya: manomin da ya kawo abin da ya noma, da ɗan kasuwar da ya saro daga wani wuri, wani lokaci ma daga cikin birnin da kika baro, ya zo ya baza kamar nasa ne. Manomi yakan zo da wuri, kayansa kaɗan ne, girmansu ba ɗaya ba ne, kuma yana sauri ya sayar ya yi cefane ya koma gida. Wanda kika gani da tulin kaya iri ɗaya tas, yana zaune har la'asar, galibi ɗan sari ne. Ba laifi ba ne saye a wurinsa, amma kada ki biya shi da zaton daga gonarsa ya kawo. Ki kuma tafi da mudunki ko ki tsaya a kan a auna miki da wanda kika gani kika yarda da shi, saboda mudun wani gari ya fi na wani, akwai kuma wanda aka bubbuge gindinsa.

Wake shi ne na fi jin tsoro. Saboda ƙwari na cinsa da sauri, wasu na zuba masa maganin feshi irin wanda ba a yi shi don abinci ba. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015, bayan an sami sinadarin maganin ƙwari fiye da ƙima a cikinsa. Ki ɗebi waken a tafin hannu ki shinshina, idan kika ji warin magani ko hannunki ya ɗauki wani gari-gari mai wari, ki wuce. Mafi alheri ki saya da kaka, lokacin da sabo ya shigo kafin a kai ga zuba masa komai, ki shanya shi ya bushe sosai, ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki ko a jarka mai murfi ki toshe. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai da magani ba.

Man gyaɗa ki saya a wurin matan da ke yin ƙuli-ƙuli da kansu, domin a nan ne za ki ga gyaɗar da aka matse. Ƙamshinsa ba ya ɓuya, wanda aka sirka da wani mai kuwa ƙamshin yakan yi rauni. Ki dubi gyaɗar ma, idan da yawanta ta yi baƙi ko ta yi funfuna ko tana ɗaci, to ƙulin da aka yi da ita ba abin ba yara ba ne. Busasshen tumatir kuma, wato kauɗa, ya fi araha bayan tumatirin rani ya cika kasuwa, daga Janairu zuwa Maris. Matsalarsa ita ce inda aka shanya shi, domin da yawa a ƙasa ko a gefen kwalta ake bazawa, ya kwashi ƙura da yashi. Ki zaɓi mai jan launi wanda ya bushe ƙayau, ki guji wanda ya yi baƙi ko yake da laushi da warin ruma.

Idan za ki sayi ɗanyen mangwaro ko ayaba, ki sani akwai masu nunar da su da kabaid, irin wanda masu walda ke amfani da shi, kuma NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Irinsa bayansa yakan yi rawaya gaba ɗaya amma ba ƙamshi, cikinsa kuma da tauri da tsami. In kuwa hanya ta bi da ke ta Bara, tsakanin Gombe da Bauchi, a lokacin kankana, ki tsaya ki saya, amma ki ɗauki ɗungurungum ɗinta, ki bar wadda aka yanka aka baza ƙuda na bi.

Zuma kuwa, gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa da ake yawan faɗa ba su da tabbas, masu haɗa ta da dafaffen sukari sun san yadda za su tsallake su. Ni a wurin mai amya nake saye, da saƙarta, a tace a gabana. Daskarewar zuma da sanyi ba alamar algus ba ce, zuma ta gaskiya na yin haka. Wadda za ki guda ita ce mai ruwa-ruwa da ke kumfa tana warin tsami, domin an ɗebe ta ne kafin ta nuna.

Ma'aikaciyar jinya, Billiri:

Barkanmu da war haka. Ina da ƙarin bayani kaɗan ta fuskar lafiya, tunda an ambaci zuma. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, komai kyanta, ko da lasawa ce, domin tana iya ɗauke da irin ƙwayar cutar da Baba Malamin Gona ya yi bayani, cikin jariri kuma bai yi ƙwarin da zai yaƙe ta ba. Na san al'ada ce a gidaje da yawa, amma abin da likitocin yara suka haɗu a kai ke nan.

Na biyu, ina ganin ana tallar jam da aka ce babu sukari a cikinsa, ana cewa ya dace da masu ciwon sukari. Mai wannan ciwo ya yi hattara, domin 'ya'yan itacen da aka dafe suka ƙafe suna da nasu sukarin mai yawa, wanda aka zuba wa zuma ko dabino ko mazarƙwaila kuma duk sukari ne a wurin jiki. Ga shi kuma irinsa ne ya fi saurin lalacewa. Haka nan markaɗaɗɗen tumatir da tattasai da attaruhu da ake rufewa a kwalba, musamman wanda aka zuba wa mai a sama, hatsarinsa ya fi na jam nesa ba kusa ba, saboda ba shi da sukarin da zai kare shi, tsaminsa kuma bai isa ba. Idan wani ya ci abin kwalba ya fara gani biyu-biyu, ko fatar idonsa ta riƙa saukowa, ko haɗiya da magana suka yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar.

Maman Hanifa, Tumfure, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na fahimci cewa ƙananan kwalabe na zoɓo ko gwaiba daga hannun wadda na sani su ne mafita. Sai dai da na duba takardar dokokin makarantar yaran, na ga an hana shiga da duk wani mazubi na gilashi. Shin zan iya cewa mai dafawar ta zuba mini a robar da ke da murfi, ko in juye da kaina idan na kawo gida?

Malamin Gona mai ritaya, Dadin Kowa:

Hajiya, duka biyun ban ba ki shawararsu ba. Irin robar da ake samu a kasuwa ba ta jure zafin da ake zuba jam da shi, takan lanƙwashe, murfinta kuma ba ya kamawa yadda zai hana iska shiga. Idan kuma aka bari ya huce kafin a zuba, ko kika juye da kanki a gida, to an buɗe shi ke nan, kwanakinsa sun fara ƙirguwa tun daga ranar, ba zai kai ko tsakiyar zango ba.

Abin da za ki iya yi shi ne ki juye musu kaɗan a roba mai tsabta wadda ta bushe sarai, daidai abin da za su cinye a makon farko, ki ajiye sauran kwalaben a rufe a gida, a wuri mai inuwa, ki riƙa kai musu wani a ranar ziyara. Don sauran kwanakin kuwa, ki haɗa musu da abin da ba ya bukatar firji tun asali. Zuma ta ƙwarai tana zama lafiya a roba har zangon ya ƙare, muddin ba a tsoma mata jiƙaƙƙen cokali ba, kuma tana shafuwa a burodi. Markaɗaɗɗiyar soyayyiyar gyaɗa da ba a taɓa ta da ruwa ba ita ma takan yi makonni, ga ƙuli-ƙuli da dabino. Ki ba kowannensu cokalinsa na musamman don wannan, ki kuma ja musu kunne cewa duk abin da ya canza wari ko ya yi kumfa su zubar, kada su ji tsoron za ki yi faɗa.